Ƙarfen matsa hannu da hawan dutse: yadda za ka gina yatsu da damtse tsakanin Juma'a da Juma'a

Wanda ya taɓa hawa Jabal Nur har Kogon Hira ya san haki da ciwon cinya. Dutsen ya kai kimanin mita 640, amma akwai matakala, hannu ba ya wani aiki sai riƙon gorar ruwa. Hawan da muke magana a kansa daban ne: wanda ake ɗaura igiya a ƙugu, mutum ya manne da fuskar dutse yana laluben inda zai saƙala yatsu. Tun da aka kafa hukumar hawan duwatsu ta Saudiyya a 2018 aka shiga buɗe hanyoyin hawa a Shafa da ke saman Ɗa'ifa, da Tanuma a arewacin Abha, da Hariƙ a kudancin Riyad. Duk ɗan'uwanmu na Makka ko Jidda da ya je can karo na farko, labari ɗaya yake dawowa da shi. Ƙafa lafiya lau, numfashi bai ƙare ba, amma damtse ya kumbura ya yi tauri, yatsu suka buɗe da kansu yana kallo, ya sauko ya kasa kwance ƙullin igiyarsa.

Mai aiki ba ya samun dutse sai Juma'a ko Asabar, wani ma sai an yi wata. A kwanakin da ke tsakani ne ƙarfen matsa hannu, ɗan abin nan mai sifirin da ake matsewa a tafi, yake da rana, tunda yana shiga aljihun jallabiya, ba ya neman fili, ba ya neman kuɗin wata. Sai dai yawancin masu sayensa suna aiki da shi ta hanyar da ba ta tsinana wa mai hawa komai.

Fara da sanin abin da kake horarwa

Ka ɗora tafin hagu a kan damtsenka na dama, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, ka motsa yatsun dama. Abin da kake ji yana motsi shi ne tsokar da ke lanƙwasa yatsu. A nan take zaune, jijiyoyi ne suke tasowa daga gare ta, su ratsa wuyan hannu da tafi su shiga yatsu. Kowane yatsa cikin huɗun nan, banda babban yatsa, jijiya biyu ke jansa, ɗaya ta tsaya a ƙashin tsakiya, ɗaya ta wuce har ƙashin ƙarshe. Abin da ke riƙe su jikin ƙashi wasu zobba ne na jijiya guda biyar, likitoci suna kiransu A1 zuwa A5. Jijiyar tana gudana a cikinsu kamar zariya a cikin ƙubakar wando. Idan zoben ya yage, jijiyar ta rabu da ƙashi, hawa ya tsaya na watanni. Wanda ya fi yagewa a wurin masu hawa shi ne A2, a gindin yatsa, sai A4, kuma yatsan zobe ya fi kowanne shan wannan wahala.

Abu biyu ya kamata ka ɗauka daga nan. Na farko, tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiya da zobbanta kuwa sai an yi watanni. Akwai lokacin da damtsenka zai iya jan abin da yatsanka ba zai iya ɗauka ba, kuma a wannan tazarar ce ake jin rauni. Na biyu, a kan dutse ba ka matse komai har ya rufe. Dutse ba ya motsi. Aikin yatsunka shi ne su tsaya a lanƙwashe su ƙi buɗewa alhali nauyin jikinka yana jansu. Wanda yake zaune yana ta ƙwas-ƙwas da ƙarfen sau ɗari yana kallon ƙwallo, gaisuwarsa za ta yi ƙarfi, mutane su riƙa yarfe hannu bayan sun gaisa da shi, amma a Shafa zai faɗo inda ya saba faɗowa. Dukan abin da ke tafe an gina shi ne a kan riƙewa.

Wane iri za ka saya

Akwai mai hannu biyu da sifirin a sama, wanda kowa ya sani. Mafi shahara a cikinsu shi ne Captains of Crush na kamfanin IronMind, wanda aka jera daki-daki: Trainer kimanin kilo 45, lamba 1 kimanin kilo 63, lamba 2 kilo 88, lamba 3 kilo 127, lamba 4 kilo 165. Kada lambobin nan su ɗauke maka hankali. Rufe lamba 3 wasa ne mai zaman kansa da masu yinsa, ba ruwansa da hawan dutse. Akwai kuma mai ɗan dunƙulen da ake murɗawa a ƙara ko a rage tauri, galibi daga kilo 10 zuwa 40 ko daga 5 zuwa 60. Rubutun kilon da ke jikin masu arha ba abin dogaro ba ne, amma tunda kai da kanka kake gasa, ya wadatar.

Wanda na fi so wa mai hawa shi ne mai maɓalli huɗu, kowane yatsa da nasa sifirin, irin Gripmaster. Mai sauƙi yana da kimanin kilo 2 ga kowane yatsa, matsakaici kilo 3, mai tauri kilo 4. Dalilina shi ne a kan yatsa yake zama, inda dutse ke taɓawa, kuma ba ya barin yatsan tsakiya ya rufa wa ƙaramin yatsa asiri. Duk ana samunsu a shagunan kayan motsa jiki da shagunan intanet irin Noon da Amazon.

Gwajin saye mai sauƙi ne. Idan ba ka iya rufe shi sau goma a tsanake ba tare da ka murɗa wuyan hannu ko ka ɗaga kafaɗa ba, ya fi ƙarfinka a yanzu. Idan kana wuce sau talatin ba ka ji komai ba, ya yi laushi, sai dai a ɗumama hannu da shi. Ka haɗa da robar ɗaure kuɗi masu kauri guda uku ko huɗu. Za ka ga amfaninsu.

Ɗumama hannu

Minti goma, ba ragi. Ka yarfe hannu, ka juya wuyan hannu, ka buɗe yatsu ka dunƙule sau talatin ba tare da komai ba. Sannan ka sassauta ƙarfen zuwa mafi laushi ka matsa sau ashirin kowane hannu, zagaye biyu ko uku, har ka ji tafi ya yi ɗumi. Zafin garin Makka ba ya maye gurbin wannan. Mutum yana iya fitowa daga ɗaki mai na'urar sanyi, fatarsa ta yi gumi cikin minti ɗaya, jijiyar yatsa kuwa tana nan a sandare.

Kamun yatsu uku

Kafin ka ƙara nauyi, ka koyi siffar hannu, domin ita ce za ka kai kan dutse. Ka gwada a bakin tebur.

Buɗaɗɗen kamu shi ne yatsu su kusa miƙewa, gaɓar ƙarshe ce kawai ta ɗan lanƙwashe ta rataya. Shi ya fi sauƙi ga zobban jijiya, kuma da shi ake kama dutse mai sulɓi marar baki. Rabin lanƙwasa shi ne gaɓar tsakiya ta yi kusurwa kamar ta bango da ƙasa, kan yatsa ya kwanta a miƙe, babban yatsa yana gefe bai sa baki ba. Wannan shi ne kamun da za ka fi horarwa. Cikakkiyar lanƙwasa kuwa ita ce gaɓar tsakiya ta tashi sama, gaɓar ƙarshe ta lotsa baya, babban yatsa ya hau kan manuni ya kulle. Tana ba da ƙarfi nan take, shi ya sa sabon shiga yake gudu gare ta da zarar ya tsorata, amma nauyin da take jibga wa A2 ya ninka wanda ke kan yatsa sau da yawa. A kan dutse wata rana dole ka yi ta. A ɗaki da ƙarfe kuwa babu dalilin yin ta ko sau ɗaya.

Aikin kansa

Ka zauna ko ka tsaya, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe kusa da haƙarƙari, wuyan hannu a miƙe ko ya ɗan karkata baya kaɗan. Idan mai maɓalli ne, ka kafa gindinsa a tudun tafi, ka ɗora naman kan yatsu a kan maɓallan. Idan mai hannu biyu ne, kada ka cusa shi can cikin tafi yadda aka saba. Ka bar hannun gaban ya zauna a gaɓar ƙarshe ta yatsu. Zai yi maka wuya fiye da da, za ka rage tauri, wannan daidai ne.

Na farko, riƙon ƙarfi. Ka zaɓi taurin da za ka iya riƙewa a rufe na daƙiƙa 13 zuwa 15 idan ka ƙure, sai ka riƙe daƙiƙa 10 kawai. Wannan ragowar da ka bari ita ce ke tsare maka yatsa. Ka taimaka da ɗaya hannun wajen rufewa idan ya cancanta, babu kunya a ciki, riƙon ne muke nema. Ka huta minti biyu zuwa uku, kana iya yin ɗaya hannun a cikin hutun. Zagaye huɗu ko biyar kowane hannu. Da zarar ka ga yatsu sun fara zamewa daga rabin lanƙwasa, ko gaɓar ƙarshe ta fara lotsawa baya, zagayen ya ƙare ko da agogo bai cika ba. Kuma ka yi numfashi. Mutane suna danne numfashi su cije baki, jini ya hau kai. Mai hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya fara irin wannan riƙo.

Na biyu, riƙon juriya, wanda shi ne maganin kumburin damtsen nan. Ka rage tauri sosai, kamar rabin na farko ko sama kaɗan. Riƙe daƙiƙa 7, saki daƙiƙa 3, sau shida, minti ɗaya ke nan cif. Huta minti biyu, ka maimaita sau uku zuwa biyar. An tsara shi haka ne domin ya yi kama da hawa: ka kama, ka saki, ka miƙa hannu, ka sake kamawa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, idan tsoka ta matse da ƙarfi tana danne ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, jini ya kasa shiga, sai a ɗan sakin nan yake samun kutsawa. Horon yana koya wa damtse cin moriyar daƙiƙa ukun. A zagaye na uku za ka ji zafi yana tasowa daga wuyan hannu, na huɗu kuma rubutu da biro zai gagare ka na ɗan lokaci. Wannan zafin tsoka ne, ba shi da illa. Zafi mai tsini a gindin yatsa ko a ƙashin gwiwar hannu wani abu ne daban, za mu zo kansa.

Na uku, sakin sannu. Ka rufe da hannu biyu, ka bar hannu ɗaya ya buɗe a hankali cikin daƙiƙa biyar. Sau biyar, zagaye biyu. Kada ka fara wannan sai ka yi wata guda kana na farko da na biyu.

Game da horar da yatsa ɗai-ɗai, a yi hattara. Mai maɓalli huɗu yana jan mutum ya danna yatsan zobe shi kaɗai, sauran a dunƙule cikin tafi. Akwai wasu ƙananan tsokoki a tsakiyar tafi da suke manne da jijiyoyin yatsu biyu maƙwabta, idan ɗaya ya miƙe da nauyi ɗaya ya dunƙule, ana jansu ta fuska biyu, suna iya yagewa. Ka yi da yatsu bibbiyu, manuni da na tsakiya, na tsakiya da na zobe, na zobe da ƙarami, da tauri mai sauƙi, sauran yatsun kuma a bar su a sake.

Babban yatsa yana da nasa aiki. Ka riƙe ƙarfen a mafi laushinsa tsakanin babban yatsa da kan sauran huɗun, ba tare da ya taɓa tafi ba, ka matse daƙiƙa 10, sau huɗu.

Bayan hannu

Nan ne robar kuɗi take shigowa, kuma nan ne kowa yake tsallakewa. Ka haɗa kan yatsu biyar, ka zura robar, ka buɗe su har iyaka, ka dawo a hankali. Sau 20, zagaye uku. Tsokar bayan damtse ita ce ke tsayar da wuyan hannu lokacin da ta ciki take ja, idan ta yi rauni kamun ma ba ya zama. Ka ƙara da guduma: ka riƙe ƙarshen ƙotarta, damtse a kan cinya, ka karkata ta dama da hagu sannu-sannu, sau 12. Ciwon gwiwar hannu ta ciki, wanda ya addabi masu hawa, yakan zo ne daga yawan matsa ba hutu, kuma waɗannan biyun suna cikin abin da ake kare kai da shi. Wasu suna cika bokiti da shinkafa su riƙa cusa hannu suna buɗewa da murɗawa. Yana aiki, in dai uwargida ta yarda da shinkafarta.

Katako da jarka

Gaskiyar magana, ƙarfen matsawa shi kaɗai yana da iyaka, domin ba ya ɗora wa yatsu nauyi ta fuskar da dutse ke ɗorawa. Abin da ke cike wannan giɓi ba shi da tsada. Ka sami guntun katako mai kauri, kafinta ya fere maka baki mai zurfin milimita 20, wanda shi ne ma'aunin da masu hawa suka fi horo da shi, ya goge kaifin da sanfefa, ya huda rami a zura igiya. Ana sayar da irinsa a shirye. Ka ɗaura igiyar a hannun jarkar ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 20 ta ba ka ma'auni daga kilo 1 zuwa 20, ka ƙara ko ka rage da kofi.

Ka tsaya jarkar tana tsakanin ƙafafunka, ka saƙala yatsu huɗu a bakin katakon da rabin lanƙwasa, baya a miƙe, hannu a miƙe, ka ɗaga da ƙafafu, ba da fizga ba. Riƙe daƙiƙa 10, ajiye. Ka fara da lita 8 ko 10 ko da kana jin ka fi haka. Idan ka samu wannan, ka mayar da riƙon ƙarfi kansa, ka bar wa ƙarfen aljihu aikin juriya da ɗumamawa da ranakun tafiya. Wanda bai yi wata shida yana hawa ba, wannan ya fi masa rataya da dukan jiki a allon yatsu, wato allon da ake kafawa a bango a rataya da yatsu, tunda shi ke da iko da nauyin.

Tsarin mako

Mu ɗauka Juma'a kake hawa. Asabar hutu. Lahadi riƙon ƙarfi da babban yatsa da roba. Litinin hutu. Talata riƙon juriya da guduma da roba. Laraba roba kawai in ka so. Alhamis kada ka taɓa komai, ka je Shafa da sabon hannu. A makon da ba za ka hau ba, ka sa zama na uku ranar Alhamis ko Juma'a. Kowane zama, har da ɗumamawa, bai wuce minti talatin ba. Tsakanin zama mai nauyi da wani a bar kwana biyu.

Ƙari kuwa kaɗan-kaɗan: lita ɗaya a jarka, ko rabin murɗi a dunƙulen ƙarfe, kuma sai ka yi zama biyu a jere kana cika dukan zagaye da siffa mai kyau. Bayan mako uku na aiki, na huɗu ka rage komai zuwa rabi. A makon nan ne za ka ji kamar kana ɓata lokaci, a cikinsa ne kuma jijiya take samun hutun da take buƙata. Ka riƙa rubuta abin da ka yi a waya, domin ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarin kilo.

Masu tuƙi, musamman masu jigilar alhazai tsakanin Makka da Jidda, suna son ajiye ƙarfen kusa da giya. A tsaye a wurin jira babu laifi, amma ba a kan hanya ba, kuma kada ya zama abin dannawa duk wuni. Mai aikin gini ko ɗaukar kaya, wanda hannunsa ya riga ya wuni yana riƙo, zama biyu a mako ya ishe shi. A watan azumi ka mayar da zaman bayan tarawihi, ka rage zagaye, ka riƙe abin da kake da shi ba tare da neman ƙari ba.

Inda za ka tsaya

Idan ka danna gindin yatsa ta cikin tafi ka ji zafi a wuri ɗaya, ko yatsa ya wayi gari a kumbure ya ƙi dunƙulewa, ka ajiye ƙarfen mako guda, ka dawo da rabin nauyi da buɗaɗɗen kamu. Idan ka ji ƙara, ɗas, lokacin riƙo, sai kumburi ya biyo, wannan na likitan ƙashi ne, a yi wa yatsan sikanin a ga ko zobe ya yage. Kada a kai wa mai ɗori ya ja, ba targaɗe ba ne. Dindiris ko jin kamar allura a yatsu, musamman da dare, shi ma na asibiti ne. Naɗa filasta a yatsa ba ya mayar da mai ciwo lafiyayye.

Yaran da ba su gama girma ba, musamman 'yan shekara 12 zuwa 17, ƙarshen ƙasusuwan yatsunsu bai gama ƙwari ba, kuma nauyi mai yawa da lanƙwasa yana iya tsaga wurin, galibi a gaɓar tsakiya ta yatsan tsakiya. Idan ɗanka ko ƙaninka yana hawa ya ce gaɓar nan tana masa ciwo, a kai shi a duba, kada a ce ya daure. Su bar jarka da ƙarfe mai tauri, su yi ta hawa kawai.

Bayan mako takwas ka auna kanka da abu biyu: lita nawa kake ɗagawa daƙiƙa 10 a bakin katako, da zagaye nawa na bakwai-da-uku kake cikawa. Idan lambobin sun hau amma har yanzu damtse yana cika a tsakiyar hanya, ka sa abokin igiyarka ya ɗauke ka bidiyo. Sau da yawa za ka ga kana ƙanƙame makama da ƙarfin da ya ninka abin da take buƙata, gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙafa tana lilo ba ta taka komai ba. A hawa na gaba ka zaɓi hanya mai sauƙi, ka hau ta sau uku, kowane karo kana sassauta kamu har ka gano mafi ƙarancin ƙarfin da zai riƙe ka, hannu a miƙe, nauyi a kan yatsun ƙafa, kuma duk inda ka samu makama mai kyau ka saki hannu ɗaya ka yarfe shi kafin ka wuce.